Wane littafin zamantakewa ya kamata makarantarmu ta saya?

Tambayar daga wata mataimakiyar shugaban makaranta ce, a wata sakandaren al'umma. Ta ce littattafan ilimin zamantakewa da na sanin haƙƙin ɗan ƙasa da ke sitonsu sun tsufa, wakilan kamfanonin ɗab'i kuma suna ta sintiri da samfur, kowa na rantsuwa nasa ne ya dace da sabuwar manhaja, ga iyaye suna kukan tsadar littafi. An ɗora mata shugabancin kwamitin da zai zaɓa. Tana neman hanyar da za su bi, da irin kayan koyarwar da ya kamata su haɗa da littafin.

Malama, sannu da ɗawainiya. Abin da zan fi nanata miki shi ne kada ku zaɓi littafi da bangonsa. Rubutun nan na "sabon bugu" ko "daidai da sabuwar manhaja" da ake ɗorawa a goshin littafi ba ya tabbatar da komai, kowa na iya buga shi. A darussan sakandare kaf babu wanda littafinsa ke saurin tsufa kamar wannan. Littafin lissafi mai shekara 20 har gobe zai koyar da yaro daidai, amma littafin zamantakewa da aka rubuta a 2022 yau yana ɗauke da taken ƙasar da aka daina rerawa, da jerin ƙasashen ECOWAS da ya riga ya canza. Aikin kwamitinku karatu ne, shafi bayan shafi. Sauraron wakilin kamfani ya zo daga baya.

Kafin a buɗe littafi ko ɗaya, ku tantance darasin da kuke saya wa littafin, domin sunansa da abin da ke cikinsa sun sha sauyi. Hukumar NERDC, wadda aka kafa a 1988, mai hedikwata a Sheda kusa da Abuja, ita ke tsara manhajar firamare da sakandare. Manhajar shekara 9 ta ilimin bai-ɗaya da ta fitar a ƙarshen shekarun 2000 ta cire Tarihi a matsayin darasi mai zaman kansa a firamare da ƙaramar sakandare. A 2014 aka fara aiki da gyararriyar manhaja wadda ta tara zamantakewa da sanin haƙƙin ɗan ƙasa da ilimin tsaro da darussan addinan nan biyu a ƙarƙashin inuwa guda. Hayaniyar da ta biyo baya ta sa a 2017 aka zare darasin addinin Musulunci da na Kirista, kowanne ya koma cin gashin kansa. Daga baya aka dawo da Tarihi. Sai kuma a Satumbar 2025 Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya, ƙarƙashin Dakta Tunji Alausa da Farfesa Suwaiba Sa'id Ahmad, ta sanar da wata sabuwar manhajar. A ƙaramar sakandare an haɗe zamantakewa da zama ɗan ƙasa, Tarihin Najeriya kuma yana tsaye da ƙafarsa. A babbar sakandare an kawo darasin dole na zama ɗan ƙasa da gadon al'adu, wanda za ki gani a bangon littafi da sunan Citizenship and Heritage Studies.

Kowane ɗaya daga cikin waɗannan sauye-sauyen ya bar kwalaye na littattafai a shaguna da sitoci, kuma masu su ba za su ƙona su ba. Makarantar da ba ta lura ba ita ake sauke wa.

Wani abin kuma, sabuwar manhajar daga ajin shiga take farawa, wato aji 1 na ƙaramar sakandare da aji 1 na babba, sannan ta riƙa hawa tare da yaran. Saboda haka babu dalilin sauya wa makaranta gaba ɗaya littafi a shekara guda. Ku saya wa masu shigowa, ku bar 'yan ajin jarrabawa a kan abin da suka faro da shi, amma ku samo manhajar WAEC da ta NECO ta shekarar da za su zauna, a rubuce, ba ta bakin wani ba. Sanin haƙƙin ɗan ƙasa ya shiga jarrabawar WAEC tun 2014, yana da tambayoyin baya masu yawa da malami zai auna littafi da su. Ki kuma gargaɗi malamanki masu sauko da abubuwa daga intanet: a Ghana zamantakewa darasin dole ne a babbar sakandare, don haka yawancin bayanan da za su gani da tambarin jarrabawar WAEC na zamantakewa na Ghana ne, da tsarin mulkinta da tarihinta.

Da zarar kun san darasin, ku nemi takardar manhajar kanta daga NERDC ko ma'aikatar ilimi ta jiharku. Ba jadawalin darussan zango da wani ya tura a WhatsApp nake nufi ba, manhajar asali. A cikinta kowane batu yana da abin da ake so ɗalibi ya iya bayan darasi, da aikin malami, da aikin ɗalibi, da kayan da za a yi amfani da su, da yadda za a auna fahimta. Ku ajiye ta kusa da littafin ku bi batu-batu. Kada ku tsaya a shafin abubuwan da ke ciki, domin can ne aka fi gyarawa. Marubuci na iya kwafe kanun manhaja tsaf ya jera, in an shiga babin a tarar da sakin layi biyu da jerin ma'anoni. Idan manhaja ta ce ɗalibi ya iya bayyana yadda ake warware rikici a al'umma, littafin kuma ya ba da ma'anar rikici da ire-irensa guda biyar ya wuce, to bai taɓa batun ba. Jihohi da dama suna fitar da jerin littattafan da suka amince da su, ku duba na jiharku don kada masu duba makarantu su zo su same ku da wanda ba ya ciki. Sai dai shiga jerin sharaɗi ne kawai. A cikin jerin ma akwai mai kyau akwai na banza.

Yanzu ga gwajin da ya fi kama littafin da aka yi wa fenti, irin na tsohuwar motar da aka fesa aka kai kasuwa injin yana yadda yake. Akwai abubuwan da suka canza a shekarun nan waɗanda kowa ya san ranarsu. Ki raba wa 'yan kwamiti, kowa ya buɗe babin da ya shafa ya ga me littafin ya ce.

Ku fara da alamomin ƙasa. A 29 ga Mayun 2024 aka dawo da taken ƙasar da aka yi amfani da shi daga 1960 zuwa 1978. Littafin da ke koyar da wanda aka ajiye a matsayin taken yau, an rubuta shi kafin wannan rana komai shekarar da ke bangonsa. Ranar dimokuraɗiyya ta tashi daga 29 ga Mayu ta koma 12 ga Yuni tun 2019. Sai shekarun tsayawa takara: gyaran tsarin mulki na 2018 ya sauko da na shugaban ƙasa daga 40 zuwa 35, na majalisar wakilai da majalisun jihohi daga 30 zuwa 25, ya bar na sanata da gwamna a 35. Wannan tambaya ce da masu jarrabawa ke so, kuma tsofaffin littattafai da yawa har yanzu 40 da 30 suke faɗa. A babin zaɓe ki duba ko an ambaci BVAS, na'urar tantance masu zaɓe da ta samu gindin zama da dokar zaɓe ta 2022, ko kuwa har yanzu labarin na'urar tantance kati ta 2015 ake yi. A babin rabon iko tsakanin tarayya da jihohi, ki tuna gyaran Maris na 2023 ya mayar da jiragen ƙasa da gidajen gyaran hali cikin abubuwan da jihohi ma za su iya yi wa doka, ya kuma faɗaɗa ikon jihohi a kan wutar lantarki. Sunan hukumar gidajen yari kansa ya koma ta gyaran hali tun 2019. Littafin da ke lissafa NEPA cikin hukumomin gwamnati kuwa ba sai an ɓata lokaci a kansa ba, tun 2005 ta zama PHCN, a 2013 aka sayar da kamfanonin rarraba wuta.

Ku tsallaka babin hulɗa da ƙasashen waje. ECOWAS da aka kafa a Legas a 1975 ta daɗe da mambobi 15, amma daga 29 ga Janairun 2025 Nijar da Mali da Burkina Faso sun fice, saura 12. Wannan ba ƙaramin abu ba ne ga yaron Jibiya ko Illela ko Maigatari da ke ganin iyaka da idonsa, kuma littafin da ya yi shiru a kai ya bar malami da tambayar da ba shi da amsarta. Tarayyar Afirka tana da mambobi 55 bayan Sudan ta Kudu ta samu 'yanci a 2011 kuma Maroko ta dawo a 2017. Birtaniya ta bar Tarayyar Turai a 2020. Muradun ƙarni guda 8 sun ƙare a 2015, muradun ci gaba mai ɗorewa guda 17 suka maye gurbinsu har zuwa 2030. Idan babin tattalin arziki yana maganar tallafin man fetur kamar abin da ke gudana, ko bai san NNPC ta zama kamfani ba bayan dokar man fetur ta 2021, shi ma ya nuna shekarunsa.

Batun yawan jama'a yana da ɗan bambanci. Ƙidayar ƙarshe da aka yi ita ce ta 2006, wadda ta ba da mutum miliyan 140 da ɗoriya. Wadda aka shirya a 2023 an ɗage ta. Don haka ba laifi ba ne littafi ya kawo alƙaluman 2006. Laifin shi ne ya kawo su babu shekara, kamar yau aka ƙirga, ko ya kawo wani adadi bai ce hasashe ne ba. Marubucin da ke rubuta shekara da tushe a ƙarƙashin kowane jadawali, ki riƙe shi, yawanci sauran aikinsa ma da kula ya yi shi.

Idan kuna da tsohon bugun littafin a sito, ku ɗauko ku jera shi da sabon. Ku buɗe shafi na 40 a duka biyun, ku buɗe na 90. In layi ɗaya ne ya fara shafin kuma layi ɗaya ya rufe shi, hoton shugaban ƙasa da launin bango kawai aka sauya. Ku kuma karanta ƙananan rubutun da ke bayan shafin take, inda ake rubuta shekarar bugun farko. Sake bugawa daban, gyara daban, kuma kamfanonin kirki suna bambanta su a wurin.

To amma kada wannan ya kai ku ga sauya littafi duk shekara, wanda shi ne ainihin abin da ke karya bayan iyaye, ƙani ba ya iya gadar littafin wansa. Babu littafin da zai iya bin labarai. Wanda aka buga a Kano a 2020 zai ce masarautun jihar 5 ne bisa dokar 2019, a Mayun 2024 kuma aka soke dokar. Gobe wani abin zai sake canzawa. Mafita ita ce a raba aiki biyu: littafi ya ɗauki abin da ba ya saurin canzawa, malami ya ɗauki mai canzawa. Shi ya sa idan littattafai biyu suka tsallake gwajin da na faɗa, nake fifita wanda ke bayyana yadda abu ke aiki a kan wanda ya cika shafuka da sunayen ministoci da hotunan gwamnoni. Sunayen za su tsufa kafin littafin ya yage. Amma babin da ya nuna yadda ƙuduri ke zama doka, daga karatu na ɗaya da na biyu zuwa kwamiti da karatu na uku, ya ratsa majalisar dattawa mai kujera 109 da ta wakilai mai 360, shugaban ƙasa ya samu kwana 30 ya sa hannu, in ya ƙi majalisun su iya wuce shi da kashi biyu cikin uku, wannan babin zai yi shekaru yana aiki. Haka babin ƙananan hukumomi. Haddace cewa 774 ne ba ya koya wa yaro komai. Littafin da ya bayyana yadda kuɗi ke fitowa daga asusun tarayya, da abin da ake kira asusun haɗin gwiwa na jiha da ƙananan hukumomi, shi ne ya shirya yaro ya fahimci hukuncin da Kotun Ƙoli ta yanke a Yulin 2024 cewa a riƙa biyan ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye, ko da littafin bai kai ga ambaton hukuncin ba.

Abin da ke canzawa kuma, shugaban sashe ya buɗe masa fayil. Farkon kowane zango malaman darasin su zauna su rubuta shafi ɗaya ko biyu: a shafi kaza littafi ya ce kaza, yanzu ga yadda yake. A buga a raba wa yara su manna a cikin bangon littafinsu. Kuɗin wannan bai kai na littafi biyar ba, kuma yana koya wa ɗalibi cewa abin da aka buga ma ana bincikarsa.

Tun da sabon darasin babbar sakandare ya jawo gadon al'adu da tarihi cikinsa, ku karanta waɗannan babukan da idon basira, a nan ne littattafai suka fi bambanta. Har yau akwai masu rubuta cewa Mungo Park ne ya gano kogin Kwara a 1796, alhali Nufawa da mutanen Yawuri da Busa sun yi ƙarnuka suna su da fatauci a kansa. Ki duba yadda aka kawo labarin Bayajidda da rijiyar Kusugu: a matsayin labarin asali da aka gada daga bakin magabata, wanda ke da darajarsa, ko a matsayin abin da aka tabbatar da shekararsa? Ki duba ko an kira wasu al'ummomi da laƙabin da jikokinsu da ke zaune a ajin za su ji kunya. Jihadin 1804 wasu littattafan suna taƙaita shi da yaƙin ƙabila, babu maganar rubuce-rubucen Shehu Usmanu da Abdullahi da Muhammadu Bello, babu Nana Asma'u da tsarinta na 'yan taru da ya kai ilimi ga matan karkara. Wasu kuma suna yabo zalla, ba sa ambaton wasiƙun muhawara da aka yi da Shehu al-Kanemi na Borno, ko yadda al'ummomin da ba su shiga daular ba suka ga lamarin. Duka biyun sun gaza. Zuwan Turawa ma haka: mai kyau zai kawo faɗuwar Kano da Sakkwato a 1903 da wafatin Sarkin Musulmi Attahiru a Burmi, da Satiru a 1906, ya haɗa su da Benin a 1897 da boren matan Aba a 1929, don yaro ya ga turjiya ba ta yanki ɗaya ba ce.

Ina faɗin haka ne ba don a nemo littafin da ke yabon Arewa ba. Ɗalibarki ta Kano tana buƙatar sanin Ife da Igbo-Ukwu da Jukunawan Kwararrafa da Tibi kamar yadda yaron Inugu ke buƙatar sanin Muhammadu Rumfa da Sarauniya Amina. Jarrabawar ƙasa ɗaya za su zauna, ƙasa ɗaya za su yi wa hidima. Abin dubawa shi ne ko yaro zai ga kansa a littafin, kuma ya ga ɗan'uwansa na wani yanki a matsayin mutum. Hotuna suna tona asirin wannan da sauri. Idan duk inda aka zo babin talauci ko bara ko jahilci sai a sa mai hula da babbar riga, duk inda aka zo likita ko injiniya sai a sa wani, ko kuma mace ba ta fitowa sai a gaban murhu, to littafin yana koyar da wani darasi da ba ya cikin manhaja. Ƙasar da ta fitar da Gambo Sawaba da Funmilayo Ransome-Kuti da Margaret Ekpo da Ladi Kwali ba ta rasa matan da za a sa a littafi ba.

Akwai babukan da ke jawo wa makaranta surutu: balaga, aure, cututtukan da ake ɗauka ta saduwa, shaye-shaye, ƙungiyoyin asiri. Kada ku tsallake su, yara suna buƙatarsu, musamman na shaye-shaye, tun da har sai da gwamnati ta hana sarrafawa da shigo da maganin tari mai kodin a 2018. Amma ku riga iyaye karanta su. Ki sa malama mace da malamin addini da wakilin ƙungiyar iyaye da malamai su duba lafazin da zanen. Gara a yi gardamar a ofishinki kafin a saya, da a yi ta a ƙofar makaranta bayan an raba.

Sai harshe, wanda kwamitoci suka fi mantawa da shi saboda su manya ne masu digiri. Littafin na iya zama daidai ta kowace fuska amma Turancinsa ya fi ƙarfin yaranku. Ki kira ɗalibai uku daga ajin da za a saya wa, ba zakarun aji ba, na tsakiya. Ki buɗe shafin da ba su taɓa gani ba, kowa ya karanta sakin layi guda a bayyane, sannan ya faɗa miki da Hausa abin da ya fahimta. Idan biyu cikin uku sun kasa, littafin malami kuka samu, ba na ɗalibi ba. Ku sayi kwafi biyu ku ajiye a ofishin malamai, ku nemi wani wa yara. Gajerun jimloli, ma'anar sabuwar kalma a gefen shafi, misali daga kasuwa da unguwa da gona, su ne alamun marubucin da ya taɓa tsayawa a gaban aji.

Ki leƙa tambayoyin ƙarshen babi. Idan dukkansu "kawo ma'anar" ne da "lissafa guda biyar", hadda za a yi. Ana son a samu waɗanda ke tura yaro ya karanta taswira ko jadawali, ya tambayi mai unguwa yadda ake sasanta rikicin gona, ya kwatanta ra'ayi biyu ya faɗi nasa da hujja. Ƙananan littattafan nan na taƙaitattun bayanai da tambayoyin baya suna da amfaninsu a zangon ƙarshe na ajin jarrabawa. Mayar da su littafin karatu tun daga aji 1 kuwa shi ke fitar da ɗalibin da ya ci darasin da kyakkyawan sakamako amma bai san bambancin aikin kansila da na ɗan majalisar jiha ba. Ki tambayi kamfani ko littafin yana da jagorar malami. A makarantu da yawa wanda ke koyar da darasin nan ba shi ya karanta ba, an ba shi ne don cike jadawali, kuma irin wannan malamin jagorar ce ke riƙe shi.

Jikin littafin ba sai na tsawaita ba. Ɗinki ya fi gam. Ki buɗe shi tsakiya ki danna, in ya fara ɓallewa a hannunki ba zai kai zango biyu a jakar yaro ba. Ku guji wanda aka bar layukan rubuta amsa a cikinsa, domin da gangan ake yin haka don kada ya yi wa wani yaron amfani baɗi. Amsa a littafin rubutu ake yin ta. Ku lura da na jabu, wanda ake gane shi da dusasshen hoto, takarda mai shara-shara, da taswirar da launukanta suka cakuɗe har ba a bambanta jiha da jiha. Lambar ISBN, wadda Babban Ɗakin Karatu na Ƙasa ke bayarwa, ta kasance a bayansa, kodayake masu satar fasaha ita ma suna kwafe ta, don haka saye daga kamfanin ko wakilinsa na hakika da rasit shi ne kariya. Maganar kamasho kuma a yi ta a fili. Kowa ya san wakilai suna ba da kaso. A rubuta shi a takardar taro a mayar da shi ragi ga iyaye ko ƙarin kwafi ga laburare. Ranar da ya shiga aljihun mutum ɗaya, ranar zaɓen littafi ya tashi daga hannun kwamiti.

Kayan koyarwa kuwa, mafi amfaninsu ba su ne mafi tsada ba. Taswirar Najeriya da ta Afirka na bango su ne farko, su ma a gwada su: jihohi 36 da Abuja, a ga Gombe da Zamfara da Nasarawa da aka ƙirƙiro a 1996, kada a ga Gongola ko Bendel, Bakassi ta kasance a ɓangaren Kamaru tun da an kammala miƙa ta a 2008, Sudan ta rabu biyu, Swaziland ta koma Eswatini tun 2018. Sai kwafin tsarin mulkin 1999 mai ɗauke da gyare-gyaren baya-bayan nan, ko da guda uku ne. Yaro ya buɗe babi na 4 da hannunsa ya karanta haƙƙoƙinsa, ya buɗe sashe na 24 ya ga nauyin da ke kansa na ɗan ƙasa, ya fi a karanta masa taƙaitawar wani. Takardun naira da ke aljihun malami ma darasi ne: Tafawa Ɓalewa a naira 5, Alvan Ikoku a 10, Murtala a 20 da Ladi Kwali a bayanta, Awolowo a 100, Sardauna a 200, Azikiwe a 500, Aliyu Mai-Bornu da Clement Isong a 1000. A tambayi aji su wane ne, me suka yi, me ya sa aka zaɓe su, an samu aikin mako guda. Tsofaffin jaridu, katin zaɓe, labaran rediyo na safe da za a ce kowa ya saurara ya kawo abu ɗaya, duk kyauta ne.

Fita waje sau ɗaya a shekara ta fi majigin da babu wutar kunna shi. Wanda ke Kano yana da Gidan Makama da marinar Ƙofar Mata da ganuwa, na Katsina yana da Gobarau, na Kaduna yana da Gidan Arewa, na Adamawa yana da Sukur da UNESCO ta sa a jerin wuraren tarihi na duniya a 1999. Wanda ke nesa da duk waɗannan yana da fadar hakimi da kotu da sakatariyar ƙaramar hukuma. Babin sauyin yanayi kuma, yaron da ya ji labarin ambaliyar Maiduguri ta Satumbar 2024 bayan ɓallewar madatsar Alau, ko yake ganin rairayi na cin gonar kakansa, ba ya buƙatar misalin ƙanƙarar da ke narkewa a wata nahiya kafin ya gane.

Idan kuɗin bai isa a yi duka ba, ga yadda zan jera: kwafin manhaja da jagorar malami da littafi biyu daban-daban ga kowane malami, sannan taswira da tsarin mulki, sannan kwafin aji da za a ajiye a makaranta yara biyu ko uku su riƙa haɗuwa a kan ɗaya, a ƙarshe littafin kowane yaro. Malamin da ke da littafi biyu yana kwatantawa yana gano kuskure, mai guda ɗaya kwafe shi yake yi a allo har da kuskuren.

In kun tsayar da wanda za ku saya, 'yan kwamiti su sa hannu a kan samfurin da suka duba a kulle shi a ofis. Ranar da aka kawo kaya, kafin a biya cikon kuɗi, a buɗe kwalaye daga sama da tsakiya da ƙasa, a zaro kwafi a gwada da samfurin: shekarar bugu, yawan shafuka, kaurin takarda, da shafukan nan da kuka yi gwajin taken ƙasa da ECOWAS a kansu. Ana kawo samfur sabon bugu a cika ƙasan kwali da tsohon, kuma in an riga an buga hatimin makaranta a kansu babu mai karɓar su.